Bayarabiya nake son aura, waɗanda suka yi ku ba ni shawara

Ɗan Tudun Wada: Salam 'yan uwa. Tun muna karatu a Kongo nan Zariya muke tare, musulma ce, iyayenta 'yan Offa ne amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa. Hajiya mahaifiyata ba ta ce a'a ba amma ba ta sa albarka ba. Ya kuka shawo kan iyaye, kuma nawa zan tanada?

Na Gyallesu: In dai za ta musulunta ba matsala.

Ɗan Tudun Wada: Malam musulma ce fa na ce.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanina ka bi a hankali. Shekarata 9 da ɗan Okene, shi kam ba ruwansa wallahi, amma dangi, da na shigo falo sai su juya harshe ana dariya, ranar suna uwarsa ta raɗa wa yarana wani sunan daban, ni aka mai da baƙuwa a ɗakina, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baban Kwangila: Hajiya aurenki ya mutu, bari masu zaune lafiya su yi magana. Tawa 'yar Ilori ce, shekara 14. Doya 42, manja, zuma, goro da akwati ɗaya na kai, ba ruwansu da lefe irin namu.

Maman 'Yan Biyu: To wanda ya faɗa rijiyar ai shi ya san zurfinta.

Ɗan Samaru: Akwati ɗaya? Ni anko da hol da makaɗa kaɗai sun ci min sama da miliyan 2.

Baban Kwangila: Kai ka ga dama.

Bazazzagi: Ango ka fara atisayen kwanciya rub da ciki gaban surukai da babbar riga, ka kuma shirya da amala 😂

Ɗan Samaru: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya takardar indijin ce. Ɗana ya je karɓa, aka ji sunan Yarbanci da kakarsa ta sa masa, wai ya kawo shaidar mai unguwa sau biyu. Yaron da ko Ogbomosho bai taɓa zuwa ba!

Maman 'Yan Biyu: Nawa fa? Nan a ce su tafi Kogi, can a ce Hausawa ne.

Ɗan Tudun Wada: Jama'a maganar Hajiya fa?