Kofunan Jamus masu farin rufi: jabun tangaran ne ko sana'a ce mai zaman kanta?

Mai Tangaran: Na ga hoton wani kofin shan giya na Jamus, aikin garin Hanau, fari fat, an zana masa Sinawa biyu zaune gindin bishiya da shuɗin fenti. Ni dai a ganina jabu ne. Sun kasa yin tangaran ɗin Sin, sai suka rufe jan yumɓu da farin ruwan kuza don a ɗauka shi ne.

Ɗalibar Tarihi: Malam, mafarin maganarka gaskiya ce. Bayan faɗuwar daular Ming ta ƙasar Sin a 1644 tangaran ya yi wuya a Turai, maginan garin Delft na ƙasar Holand suka cike gurbin da kayan yumɓu masu farin rufi. Mutanen Holand ne ma suka buɗe masana'antar Hanau a 1661, ta Frankfurt ta biyo a 1666. Amma jabu sai an yaudari mai saye, su kuwa masu saye sun san abin da suke riƙe. Tangaran in ka ɗaga shi a rana haske na ratsa shi, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Wannan ba ya yi, kuma da bakinsa ya ɗan ɓantare za ka ga yumɓun a ciki.

Mai Tangaran: To, Malama, kin yarda kwaikwayo ne ke nan.

Baban Magina: Ɗana, bari in sa baki. Ana gasa kofin sau ɗaya, a tsoma shi cikin ruwan rufin, ya bushe ya zama kamar gari a jikinsa. A kan garin nan mai zane zai ja burushi, kuma nan take yake shanye fentin. Layi ɗaya ya karkace, shi ke nan, ba gogewa. Launukan da ke jure wutar gashi na biyu ma kaɗan ne: shuɗi daga kobalt, kore daga tagulla, rawaya, da wani mai kama da makuba daga manganis. Wanda hannunsa ya iya wannan ba na kiransa ɗan jabu.

Ɗalibar Tarihi: Baba ya faɗi abin da ke raina. Ita dabarar ma ai ba Turai aka faro ta ba. A Iraƙi ne, wajen Basra, ƙarni na 9 zamanin Abbasiyawa, ta bi ta Andalus ta shiga Italiya. Daga sunan garin Faenza na Italiya Jamusawa suka sami kalmar Fayence, sunan da suke kiran irin waɗannan kaya.

Mai Tangaran: Su ma na Basran ai farin kayan Sin suke bi.

Ɗalibar Tarihi: Haka ne, sai dai duba abin da ya faru bayan masana'antar garin Meissen na Jamus ta fara yin tangaran na gaske a 1710. Da jabu ne kawai, da sana'ar ta mutu nan take. Sai ga Nürnberg ta buɗe tata masana'antar kayan farin rufi a 1712, Erfurt da Bayreuth suka biyo. Siffar ma tasu ce: miƙaƙƙen kofi mai hannu, da murfin kuza da ake ɗagawa da babban yatsa. Zanen ya koma barewa, manoma, tambarin ƙungiyoyin masu sana'a. Abin da ya karya kasuwarsu a ƙarshen ƙarni na 18 shi ne farin kayan yumɓun Ingila irin na Wedgwood, mai araha da ƙarko.

Mai Tangaran: Masu barewa da tambari na sallama muku. Na Hanau mai Sinawa kuwa ina nan kan bakana.