Abin da muka tattara a fada kan katin kama tele a kwamfuta

Daren Juma'a, wajen shayi a fadarmu ta Sabon Gari, hira ta karkata kan yadda mutum zai mai da tsohuwar kwamfuta ta zama tele mai naɗar shiri.

Inda aka fi daɗewa shi ne nau'in katin, wato na'urar da ake haɗa wa kwamfuta don ta kama tashoshin tele. Tashoshin TNT (tele ta dijital da ake kamawa da eriya) na Nijar, har da Télé Sahel, da tsarin watsa shiri na DVB-T2 suke tafiya, don haka tsofaffin katunan analog da na DVB-T (tsarin da ya gabaci DVB-T2) zalla da ke yawo a kasuwa asarar kuɗi ce. Mai parabol kuwa katin DVB-S2, na tauraron ɗan adam, zai nema, amma ya sani tashoshin kyauta kaɗai zai kama. Na Canal+ a kulle suke. Wani mai gyara ya ce kafin ka biya, ka duba ko katin yana da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, a tsarin kwamfutarka. Ni ma nan na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake nanatawa.

Windows Media Center, manhajar kallo da naɗar tele ta Windows, babu shi tun fitowar Windows 10 a 2015. Yanzu manhajar kallo ta Kodi ake haɗawa da manhajar naɗi ta NextPVR, ko Tvheadend ga masu Linux.

An ɗan ja tsakanin katin USB, da ake jonawa daga waje, da na PCIe, da ake sawa cikin kwamfuta. Na fi karkata ga PCIe, domin ƙananan na USB suna ɗaukar zafi, balle a zafin Damagaram na Afrilu. A riƙa hure ƙurar hunturu daga fanka, a sa ondila (na'urar riƙe wuta) saboda ɗaukewar wuta tana lalata naɗi, eriya kuma a ɗaga ta saman soro da waya mai kyau.