Abin da aka ce kan ƙara wa attajirai haraji

Jama'a, muhawarar da muka yi kan ko a ƙara wa attajirai haraji ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda ma'aikaci ne ke shan dukan. Tun albashi bai shigo hannunsa ba an zaftare haraji. Mai hannun jari kuwa, dukiyarsa na ta kumbura, galibi sai ya sayar ake taɓa ribar.

2. Inda aka rabu: wasu na goyon bayan shawarar da Brazil ta kai gaban G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a 2024, a riƙa karɓar kashi 2 cikin ɗari na dukiyar manyan attajirai duk shekara. Wasu suka ce kuɗi na da ƙafa. Norwe ta ƙara harajin dukiya a 2022, attajirai da dama suka tattara komatsansu zuwa Suwizalan. Faransa ma ta soke nata a 2018, ta bar na gidaje da filaye kawai.

3. A nan aka fi ɗaukar zafi, har da ni. Ba biyan ne ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya ba, ganin jerin gwanon motocin jami'ai ne alhali asibiti ba magani. Wa zai ƙara zuba ruwa a tulu mai yoyo?

4. Kaɗan sun ce a fara kamo masu kauce wa harajin da ake da shi tukuna.