Ta yaya ake gane ingancin kod ɗin mai neman aikin gina shafin intanet?

Sabon_Manaja:

Assalamu alaikum jama'a. Za a ɗauki masu gina shafin intanet mutum biyu, ɗaya zai riƙe abin da mai amfani ke gani a burauza, ɗayan kuma ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke tura wa burauza shafin, da rumbun bayanai. Kusan duk masu neman aikin sun turo adireshin GitHub ɗinsu, wato shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, kuma shafukan da suka nuna suna buɗewa lafiya lau. Sai dai shafi ya buɗe ba shi ke nuna an rubuta kod ɗin da kyau ba. Me ake dubawa takamaimai? Wane gwaji ne ke fito da iyawar mutum ba tare da an cinye masa mako guda ba?

Tsohon_Furogirama:

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaukar mutum saboda abin da ke GitHub ɗinsa kawai cinikin biri a sama ne. Da yawan abin da ke can darussan bidiyo ne aka bi aka kwafa, yanzu kuma ga manhajojin AI da ke zubo kod shafi-shafi cikin minti ɗaya. Amma ka leƙa, akwai abu biyu masu amfani. Na farko tarihin Git, manhajar da ke adana kowane canji da aka yi wa kod: wanda ya ɗora fayil ɗari biyu a komit ɗaya, wato a ɗori guda, bai nuna maka yadda yake aiki ba, wanda kuwa yake ɗora canji ƙanana, kowanne da bayanin dalilinsa, za a ji daɗin aiki da shi. Na biyu fayil ɗin README, mai bayanin yadda ake tayar da manhajar. Ba wa wani ya bi umarnin da ke ciki ya tayar da manhajar a kwamfutarsa. In minti goma sha biyar ta wuce bai iya ba, ka riga ka san wani abu game da marubucin.

Gwajin da ya fi fito da gaskiya shi ne ka ba mai neman aikin kod ɗin wani ya gyara, domin aikin yau da kullum ke nan, ba kasafai ake fara manhaja daga tushe ba. A shirya 'yar manhaja mai layi 400 zuwa 600, misali ta rajistar oda, a dasa kurakurai huɗu ko biyar a ciki da gangan. A ce masa ya ƙara abu ɗaya, kamar tace oda ta kwanan wata, sannan ya rubuta duk abin da ya gani bai kwanta masa ba. Awa biyu zuwa uku sun isa. In gwajin zai wuce haka, a biya shi kuɗin lokacinsa, in ba haka ba ƙwararrun za su janye, a bar ka da marasa aikin yi.

Kuskure ɗaya da bai kamata a rasa shi a ciki ba shi ne wanda ake kira N+1. Kod ya ɗauko oda 100 da tambaya ɗaya, sannan a cikin zagaye ya koma rumbun bayanai ya nemo sunan mai kowace oda ɗaya bayan ɗaya. Tambaya 101 ke nan a wurin da biyu, ko JOIN guda, wato tambaya ɗaya da ke haɗo oda da sunayen masu su, za su wadatar. Da oda goma na gwaji ba wanda zai lura, sai bayanai sun yi yawa shafin ya fara jan ƙafa. Mai amfani da kayan gina shafi irin Laravel ko Django da ya san aikinsa zai hango shi nan take.

Mai_Tsaron_Saba:

Na yarda da abin da Malam ya kawo, amma a kurakuran da za a dasa, tsaro ya zo gaba. Kod marar tsari lokaci yake ci, kod marar tsaro kuwa bayanan mutane yake zubarwa.

Ka sa adireshin takardar biyan kuɗi irin /invoice/1041 wanda saba ke duba cewa mutum ya shiga da kalmar sirri, amma ba ta duba ko takardar tasa ce. Duk wanda ya canza lambar zuwa 1042 zai ga takardar wani. A jerin manyan haɗura goma na 2021 na OWASP, ƙungiyar da ke kula da tsaron manhajojin intanet, irin wannan rashin kula da izini shi ne na ɗaya. Mai neman aikin da ya ce a ɓoye maɓallin a burauza ya faɗi gwajin, domin dole a saba ake duba izini, a mayar da lambar 403 (an hana) ko 404 (babu shi).

Sai tambayar SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da aka haɗa ta hanyar manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin jimlar. Maganinta shi ne a tura jimlar daban, ƙimar daban, rumbun bayanai ya haɗa su da kansa. Wanda ya ce zai riƙa cire alamar ' da hannu bai fahimci matsalar ba. Sannan kalmar sirri: in ya ga an adana ta da MD5, tsohuwar hanyar rikiɗa kalmar sirri, ya wuce bai ce uffan ba, ka ajiye takardar neman aikinsa. MD5 sauri gare shi, ɓarawo zai iya gwada biliyoyin kalmomi cikin ɗan lokaci. Abin da ake so shi ne bcrypt ko Argon2, waɗanda aka yi su da nauyi da gangan. Ka kuma bar fayil ɗin .env mai ɗauke da mabuɗan sirri a cikin Git, ka ga ko zai ce goge shi bai isa ba, yana nan a tarihi, sai an canza mabuɗan.

Ka tambaye shi yadda yake sabunta laburaren da manhaja ta dogara da su, wato kod ɗin wasu da aka ɗauko aka yi amfani da shi. Kutsen da aka yi wa kamfanin Equifax na Amurka a 2017, wanda ya shafi kusan mutum miliyan 147, ta wata kafa a irin wannan laburare mai suna Apache Struts aka shiga, alhali an fitar da gyaranta tun watanni kafin nan.

Mai_Zanen_Shafi:

'Yan'uwa duk kun karkata ga saba. Na ɓangaren burauza fa? A cire linzamin kwamfuta, a bi fom ɗinsa da maɓallin Tab kaɗai. In ba a iya kaiwa ga maɓallin turawa, da div, wato akwati kawai, ya gina shi maimakon button, wato maɓalli na gaske, makaho mai amfani da manhajar karanta allo ba zai iya aiki da shi ba. A Chrome DevTools, kayan gwaji da ke cikin burauzar Chrome, a rage saurin intanet, sannan a katse shi gaba ɗaya. Me shafin ke nunawa yana jira, me yake nunawa in saba ta dawo da lambar kuskure 500, me yake nunawa in jerin babu komai? Sabon hannu yanayi ɗaya yake rubutawa, wanda komai ya tafi daidai. Ma'aunin Google kuma ba ɓoyayye ba ne: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, makin tsallen abubuwa a allo kada ya wuce 0.1.

Sabon_Manaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wani ya ce in tura kod ɗinsu cikin SonarQube, manhajar da ke duba kod ta ba da maki, kawai in ɗauki mai maki mafi kyau, in kuma nemi gwaje-gwajen da suka rubuta don duba kod ɗinsu su taɓa kashi 100 na kod ɗin. Wannan zai wadatar?

Tsohon_Furogirama:

Ba zai wadatar ba, Malam. SonarQube da ire-irenta kamar ESLint suna kama maimaici da fankishin, wato guntun kod mai aiki ɗaya, da rassansa suka yi yawa. Ma'aunin rassan nan wani masani mai suna McCabe ne ya kawo shi a 1976, ya ba da shawarar kada ya wuce 10, kuma yana da amfani. Amma ba su san takardar 1042 ba ta wannan mutumin ba ce. Kashi 100 ɗin kuma ana iya samun sa da gwajin da ke kiran fankishin bai duba sakamakon komai ba. In kana son sanin ko gwajinsa na gaske ne, ka ɓata kod ɗin da kanka: mayar da alamar > ta zama >=, ko ka cire layin da ke duba izini, ka sake gudanar da gwajin. In duk suka wuce babu wanda ya nuna kuskure, ado ne kawai.

Bayan ya miƙa aikin, a zauna da shi minti talatin zuwa arba'in. A nuna layi a ce me ya sa ka yi haka, sannan a canza buƙata a gabansa: yanzu oda ɗaya za ta iya samun adireshi biyu, ina da ina za ka taɓa? Ko da AI ya taimaka masa ba laifi, muddin zai iya bayanin kowane layi. A rubuta takardar maki tun kafin a fara, kowa a ba shi aiki iri ɗaya, mutum biyu su duba kowanne daban kafin su haɗa makinsu.