Wai yana ƙonewa ƙurmus a sama?

Na Tudun Wada: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Su harba tauraron ɗan'adam, ya gama aiki, su ce wai zai ƙone ƙurmus a sama. To zoben ƙarfe mai nauyin kilo 500 da ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya a Disambar 2024 fa? Mun zama bolarsu ke nan?

Injiniya: Ɗan'uwa, hukumar sararin samaniyar Kenya cewa ta yi zoben roka ne, ba tauraro ba. Kuma gyara kalmarka, narkewa yake yi, ba ƙonewa ba. Yana shigowa da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, ya wargaje a tsayin wajen kilomita 80. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, shi ya sa gangar jikin, da galibi da shi ake yin ta, ke tafiya. Tankin titaniyam kuwa sai zafi ya haura digiri 1,600, shi ne ke isowa ƙasa.

Malamar Kemistiri: Haba Injiniya! In alminiyam ya haɗu da oksijin cikin zafi ya zama ƙura, me sunansa in ba ƙonewa ba? Ƙurar ce ma abin tsoro. Binciken hukumar NOAA ta Amurka, mai nazarin teku da yanayi, na 2023 ya gano ɓurɓushin ƙarafan kumbo a kusan kashi 10 cikin ɗari na ɗigon da ke can saman iska, inda rigar ozon mai tare mana haskokin rana masu illa take.

Injiniya: Malama, tsatsa ma haɗuwa ce da oksijin. Kwanon rufinki ƙonewa yake yi?

Malamar Kemistiri: A hankali, ƙwarai kuwa. Koma aji ɗaya.

Bakano: Ku bar nahawu. Matsalar Chana ce. Rokarsu Long March 5B, gangar jiki sama da tan 20, suka bar ta ta faɗo yadda ta ga dama a 2020, wani bututu ya dira a Kwaddebuwa. Ƙa'ida ita ce a bar sauran mai a rokar, a kunna inji a tura ta kudancin tekun Pasifik, in haɗarin taɓa mutum ya wuce ɗaya cikin 10,000.

Ɗan Damagaram: Yaran Amurka an iso. Skylab, tashar sararin samaniyar Amurka da ta watsu a Ostireliya a 1979, ta Chana ce? Guntun ƙarfen da ya huda rufin gida a Fulorida a 2024, bai kai kilo ɗaya ba, daga shirgin tsofaffin batura na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ya fito, NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da bakinta ta amsa.

Bakano: Ai ta amsa. Rasha fa da tauraronta Cosmos 954 mai tukunyar nukiliya da ya faɗo Kanada a 1978?

Ɗan Damagaram: Tarayyar Sobiyat dai, kuma ta biya diyya.

Na Tudun Wada: Ni fa tambayata kan Afirka ce.

Injiniya (shugaban zaure): To mu rufe. An tabbatar narkewa ne, na Kenya kuma roka ce. Maganar ƙurar Malama a kai ta zauren kemistiri.