Gudawar Hajiya ta dawo bayan budesonide: me ya kawo maganar ruwan matsarmama?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma ta daɗe tana fama da gudawa ta ruwa zalla, babu jini, wadda ke tashinta har tsakar dare. An yi ta ba ta Flagyl bisa zaton amiba ce, ba a dace ba, sai da muka je Yawunde aka leƙa hanjinta da na'ura. A ido hanjin lafiya lau, amma ɗan naman da aka ɗiba aka duba a madubin awo ya nuna ɓoyayyen kumburin babban hanji, irin wanda likitoci ke kira kolajenus. Ta sha maganin kumburin hanji mai suna budesonide miligiram 9 kullum har mako 8 ta samu sauƙi, da aka tsayar kuwa sai gudawar ta dawo. Yanzu likita ya ƙara mata garin cholestyramine, ya ce mai yiwuwa hanjinta ba ya tsotse ruwan matsarmama. Ciwo biyu ne ke nan, ko an yi kuskure a binciken farko?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba kuskure ba ne, domin dawowar gudawa bayan an tsayar da budesonide abu ne sananne a wannan ciwo, kuma ana yawan samun matsalolin biyu a jikin mutum ɗaya. Hanta ce ke haɗa ruwan matsarmama don narkar da kitse da mai, sannan ƙarshen ƙaramin hanji ya tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari na sinadarinsa ya mayar wa hanta. Idan tsotsewar ta gaza, sinadarin yakan gangara babban hanji ya sa shi fitar da ruwa, shi ya sa wasu kan ga gudawar ta tsananta bayan sun ci soyayyen abu ko miya mai maiƙo. Budesonide kumburi yake kwantarwa, cholestyramine kuwa ɗaure sinadarin yake yi ya fita da shi a bayan gida. Akwai gwajin SeHCAT, mai nuna ko hanji na tsotse sinadarin, da ake yi a Turai, amma inda babu shi likitoci kan ba da garin su ga yadda jiki zai karɓa, kuma ina ganin hanya ce mai kyau.

Mai haɗa magunguna, Njamena:
Malam, abin da ya fi damuna shi ne lokacin sha. Wannan gari ba ya zaɓe, yana iya ɗaure sauran magunguna a cikin hanji su fita ba su yi aiki ba, musamman na maƙoƙo, na tsinka jini irin warfarin, da maganin zuciya digoxin. A ba Hajiya sauran magungunanta aƙalla awa 1 kafin garin, ko awa 4 zuwa 6 bayansa, har da budesonide ɗin idan an mayar da ita kansa. Ƙunshin giram 4 a dama shi sosai a kofin ruwa, kada a zuba shi a baki busasshe. Yana iya kawo kumburin ciki da taurin bayan gida, idan aka daɗe a kansa kuma yakan rage tsotsar bitamin A, D, E da K. Wane magani take sha ban da waɗannan?

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. Tana shan diclofenac saboda ciwon gwiwa, da omeprazole saboda ƙwannafi, duka a kasuwa muke saye, kuma ba mu taɓa gaya wa likitan ba.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
To, Malam, wannan magana ce babba. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin diclofenac da ibuprofen, da na ƙwannafi irin omeprazole da lansoprazole, suna cikin waɗanda ake dangantawa da wannan kumburi, kuma akwai masu samun sauƙi idan an canza su. Ku zuba duk kwalayen a leda ɗaya ku kai wa likita ya gani da idonsa, shi zai faɗi wanda za a tsayar da abin da zai maye gurbinsa. Kafin nan, da zafin Garwa, kada ruwan gishiri da sukari ya yanke a ɗakinta, kuma idan fitsarinta ya ragu ko jiri ya kama ta a kai ta asibiti ba tare da jiran ranar komawa ba.