Abin da na tsinta daga hirar masu son gudu da mota

Daren Asabar a wata majalisa kusa da Kasuwar Daji a Sakkwato, samari suka yi ta faɗin iyakar gudun da kowa ya taɓa yi da motarsa. Wani ya ce ya kai kilomita 160 a awa a hanyar Illela, wani ya ce ya wuce haka a hanyar Gusau.

Wani tsohon bakanike ne ya karɓi zancen. Ya ce, "Yara, a gudun 160 mota tana cin mita 44 kowane sakan. In raƙumi ko jaki ya ɓullo, yaushe za ka taka birki?" Ya ƙara da cewa in gudu ya ninka, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi.

A kan taya aka fi daɗewa, kuma nan ne hankalina ya tashi. Akwai wasu lambobi huɗu a jikin taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya 'yar gwanjo, ga zafin kwalta a watan Afrilu, fashewa take yi. A duba iska da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Dokar hukumar kiyaye haɗurra kuwa: ƙaramar mota kilomita 80 a babbar hanya, 50 a cikin gari.